Daga Gwanzu zuwa Kantin Kwari

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago baki ɗaya. Yaya ƙafar Hajiya? Ka ce ta fara takawa har bakin zaure, to alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara afuwa. Ni ma nan lafiya lau, sai zafi da gumi, don mun shiga lokacin da mutum zai yi wanka ya fito, kafin ya kai bakin titi rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Saƙonka na murya ya iso, sau 3 na saurare shi. Ka tambayi yadda aka yi samfurin yadin da ka ce a sauya wa launi ya fito cikin kwana 4, alhali kai wata guda ka sa masa. Ka ce masu saye sun ishe ka da ƙorafin kayan Chaina ba su da ƙarko, kana so in gaya maka gaskiya tsakani da Allah. Sannan ka ce zuciyarka na raya maka ka zo da kanka. Waɗannan ba maganganun da za a ƙare a waya ba ne, shi ya sa na zauna bayan sallar isha na rubuto.

Da farko, Yaya, ka cire a ranka cewa Gwanzu gari ɗaya ne mai kasuwa ɗaya, yadda muke ɗauka a gida in an ce wane ya tafi Gwanzu saro kaya. Shi kansa birnin, wanda suke rubutawa Guangzhou, ƙidayar 2020 ta ba shi mutum sama da miliyan 18. Amma ba shi kaɗai yake tsaye ba. Ta yamma akwai Foshan, ta manne da shi har ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ta gabas Dongguan, gaba da ita Shenzhen mai mutum miliyan 17 da rabi, sai Zhongshan da Zhuhai a ɗaya tsallaken. Dukkansu suna zaune ne a bakin babban kogin da ake kira Kogin Lu'ulu'u, daidai inda ya rarrabu ya faɗa teku. Gwamnatinsu ta haɗa birane 9 da Hong Kong da Macau ta ɗauke su yanki guda, mutanen da ke ciki sun haura miliyan 80. Ka kwatanta a ce ka tashi daga Na'ibawa ka nufi Zariya, amma har ka kai Kwangila ba ka ga daji ba, gini ne da masana'anta da gadoji, sai ɗan gonar ayaba da tafkin kifi jefi-jefi. To haka hanyar Gwanzu zuwa Shenzhen take.

Kuma kowane gari da sana'arsa, kamar yadda in ana son rini a nufi Ƙofar Mata, in ana son sirdi da linzami a shiga Kurmi. Tayil ɗin da ake shimfiɗawa a sababbin gidajen Kano, da yawansa daga Foshan ya fito. A can akwai wani gari Lecong, kujeru da gadaje ne kawai a jere bakin titi, tafiyar kilomita da kilomita. Shunde ta ƙware a firji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, can ne hedikwatar Midea. Guzhen ƙwan lantarki da fitilu. Shiling jakunkuna. Shenzhen kuwa waya da kayan wuta; kamfanin da ke yin Tecno da itel ɗin da ke hannun yaran shagonka a can yake da zama, kuma kasuwarsu ta Huaqiangbei in ka shiga sai ka ga kamar an ɗauki Farm Centre an ɗora ta bisa kanta hawa goma, an kuma jera irinta da yawa a titi ɗaya. Mu masu harkar yadi namu wurin shi ne Zhongda, nan cikin Gwanzu, inda za ka samu komai daga bandir ɗin yadi har zare, maɓalli, zif da duwatsun ado.

Yanzu bari in ba ka labarin samfurin naka, don a cikinsa amsar tambayarka take. Ran Litinin da safe na fita daga Xiaobei, unguwar da yawancinmu baƙaƙen fata muke hada-hada. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka Zhongda kafin ƙarfe 10. Mai shagon ya dubi hoton launin da ka turo, ya ɗauko littafin launuka muka daidaita lamba. A gabana ya yanki yadin fari, ya kira ɗan aike a waya, ba a yi minti 20 ba wani yaro ya zo a kan keken lantarki ya karɓa. Kafin la'asar yadin yana marina a Foshan. Ran Laraba aka dawo da shi, na ga ya ɗan yi duhu, na ce a sake. Ran Alhamis da yamma ga shi a hannuna yadda kake so. Babu wanda ya yi abin al'ajabi a cikinsu. Mai saƙa, mai rini, mai ɗinki, mai kwali, mai sito da tashar jirgin ruwa duk suna cikin tafiyar awa 1 ko 2 da juna, hanya ba ta tsayawa, wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Ni a ganina nan arhar kayansu ta samo asali, kafin a zo maganar injuna ko yawan ma'aikata. Mu a gida rabin kuɗin kaya da rabin kwanakinsa a hanya suke ƙarewa.

Shi wannan jirgin ƙarƙashin ƙasa, da suke kira metro, shi ne ƙafar kowa a garin nan. A 1997 aka buɗe layin farko, wato lokacin da kake tsaron shagon Baba babu shi sam. Yau tsawon layukan ya wuce kilomita 600, kuma mutum sama da miliyan 8 ke shiga kowace rana. Kuɗin shiga yana farawa daga yuwan 2 (yuwan shi ne kuɗin ƙasar), yana ƙaruwa gwargwadon nisa. Motar bas ma yawanci yuwan 2 ce, ko ina za ka sauka. Ba kwandasta, ba rigimar canji, waya kake haskawa ƙofa ta buɗe. A kowace tasha sai an sa jakarka a na'urar bincike kamar a filin jirgin sama. Ba ka jira fiye da 'yan mintoci, kuma allo na nuna maka saura minti nawa jirgi ya iso. Ana sanar da tasha da harshe 3: Sinancin hukuma, da yaren mutanen nan wato Kantonis, da Turanci, saboda haka baƙo ba ya ɓata. Tun 2010 layin ya tsallaka har cikin Foshan, sai ka fita daga wani birni ka shiga wani kana zaune a kujera ɗaya.

Kada ka ɗauka babu wahala. Da safe wajen ƙarfe 8, a tashar Tiyu Xilu da ke kan layi na 3, cunkoson ya fi na Kwari ana jajiberin sallah. Ma'aikata kan tare mutane da shinge, a riƙa sakin su rukuni-rukuni. Sai dai kowa ya san jirgi na biye yana tafe, saboda haka ba a kokawa a bakin ƙofa yadda muke yi in mota ɗaya ta tsaya a tasha.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar babur. Su ma nan sun yi zamanin acaɓa, da fizgen jaka a kan babur da haɗurra, har hukuma ta hana babur shiga tsakiyar birni daga farkon 2007. Mu ma a Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013. Bambancin, su kafin su hana sun riga sun shimfiɗa layukan jirgi suna kuma ƙara wasu, sannan a 2010 suka buɗe hanyar manyan bas mai layinta daban a titin Zhongshan. Mu da aka hana, adaidaita sahu ce ta ɗauki nauyin gari gaba ɗaya, kuma ka fi ni sanin yadda titin Ibrahim Taiwo yake komawa da yamma. Ba na raina 'yan adaidaita, da su gari yake motsi, kuma gidaje da yawa da ita suke cin abinci. Amma birni mai miliyoyin mutane ba zai tafi a kan ƙafa uku ba har abada. Kullum na shiga jirgin nan sai na riƙa zana layi a zuciyata: daga Dawanau zuwa Bata, daga Bata zuwa Na'ibawa, wani daga Janguza ya bi ta Kabuga ya shigo gari. Allah Ya nuna mana.

Tsakanin birane kuwa akwai jirgin ƙasa mai tsananin gudu, wanda ke kai kilomita 300 a awa. Daga tashar Gwanzu ta Kudu zuwa Shenzhen ta Arewa wajen rabin awa ne, kuɗin kujerar talaka kusan yuwan 75. Nakan yi sallar asuba a ɗakina, in je Shenzhen in duba kaya, in dawo in yi azahar a Gwanzu. Da fasfo ake sayen tikiti, da shi ake shiga, kuma in an rubuta 9:12 to 9:12 ɗin zai tashi, ko da kai ko ba kai. Tun 2018 layin ya kai har Hong Kong. A shekarar ce kuma suka buɗe gadar da ta ratsa teku ta haɗa Hong Kong da Zhuhai da Macau, tsawonta kilomita 55, wani ɓangarenta rami ne a ƙarƙashin ruwa don manyan jirage su wuce ta sama. A 2024 suka ƙara wata tsakanin Shenzhen da Zhongshan, tafiyar da ke cin awa 2 ta koma kamar minti 30. Ka tuna ranar da muka hau jirgin Rigasa zuwa Idu, yadda muka ji daɗi? Shi ma kamfanin Sin ne ya gina shi aka buɗe a 2016. Ashe abin da ya rage mana shi ne a haɗa layi da layi, a kuma riƙe su da gyara.

Wani abin da zai ba ka mamaki, duk wannan ba tsohon abu ba ne. Gwanzu dai tsohon garin fatauci ne, ya fi shekara 2,000, Larabawa da Farisawa sun zo nan da jiragen ruwa tun zamanin da. Daga 1757 har zuwa 1842 nan ne kaɗai tashar da sarkin Sin ya yarda Turawa su yi ciniki, kuma unguwar da aka ware musu, Shisanhang, yau kasuwar sarin tufafi ce. Amma Shenzhen a 1979 gunduma ce ta manoma da masunta, mutanenta wajen 300,000. A 1980, zamanin jagoran Sin Deng Xiaoping, aka ware ta a matsayin yankin tattalin arziki na musamman, aka sassauta haraji, masu kuɗin Hong Kong suka tsallako da injunansu suna neman ma'aikata masu sauƙin kuɗi. A lokacin nan, Yaya, masaƙun Sharaɗa da Bompai da na Kakuri a Kaduna suna aiki dare da rana. Wannan lissafin yana sosa mini rai ƙwarai. Dattijon da nake sayen zif a wurinsa ya ce shi da ƙafarsa ya taka gonakin shinkafa a inda yanzu dogayen benayen unguwar Tianhe ta nan Gwanzu suke.

To sai maganar ƙarko, wadda na san ita ta fi damunka. Gaskiyar ita ce kayan nan hawa-hawa ne, kuma masana'anta ɗaya takan yi dukkan hawan. In ka shiga wurin mai yadi, tambayar farko da zai yi maka ita ce wace ƙasa za a kai, ta biyu kuma nawa kake son biya. In ka ce ya rage, ba zai yi musu da kai ba. Zai rage, sannan ya rage nauyin zaren, ya rage faɗin yadin, ya sa rini mai arha wanda wanki 2 zai kwashe. Ba a ɓoye yake yi ba, in ka tambaya zai nuna maka duka hawa ukun, na ƙasa da na tsakiya da na sama, a kan tebur. Na sha ganin 'yan uwanmu suna zaɓar na ƙasa, suna cewa a buga musu kwali mai ƙyalli a rubuta sunan wata ƙasa a jiki. Wannan laifin ba na Basine kaɗai ba ne, da hannunmu a ciki dumu-dumu, kuma talakan da ya tara kuɗin kayan sallar 'ya'yansa shi ke kwana a ciki. Araha ba ta ado, mun sani tun muna yara. Fankar da na saya nan shekara 5 ke nan tana aiki, takalmin da nake sawa ya shekara 2, duka kuwa kayan Chaina ne, irin wanda su da kansu suke amfani da shi.

Akwai macuta, ban ce babu ba. An taɓa nuna mini samfur mai kyau, da kaya suka iso sito na buɗe bandir na tsakiya na tarar da wani abu daban. Mun kai ruwa rana kafin a sauya. Tun daga ranar ba na biyan cikon kuɗi sai na auna nauyi, na jiƙa gefen yadi na murza a farin ƙyalle, na kuma tsaya a kan kaya har a rufe kwantena. Shawarata, mu ɗauki hawa na tsakiya ko na sama, mu gaya wa mai saye gaskiyar abin da yake saye, ko da ribar za ta ragu. Wanda ya ɗinka yadinmu ya ga bai zuba ba, shi zai kawo mana surukinsa.

Wajen ayyukan yau da kullum kuwa, nan ne mutum yake hutawa. Wuta da ruwan famfo ba sa yankewa, ko da yake ruwan sai an tafasa ake sha. Tun da na zo ban ji ƙarar janareta a unguwa ba. Sau ɗaya, a ƙarshen 2021, aka yi ƙarancin wuta har aka riƙa yi wa masana'antu rabon kwanaki, kaya suka yi ta jinkiri, amma gidaje ba su shiga duhu ba. Kuɗin hannu ya kusa ɓacewa: mai kayan miya a bakin hanya ma tana da ɗan zanen da za ka haska da manhajar waya ta WeChat ko Alipay, kuɗi ya shiga nan take, ba jiran alat, ba zuwa wurin mai POS. In ka sayi abu ta intanet, gobe ko jibi yana cikin akwatin ajiya a ƙofar gidanku, kuma doka ta ba ka kwana 7 ka mayar da yawancin kaya ba tare da ka faɗi dalili ba. Ka auna wannan da abin da muke rubutawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Kuɗin haya wata-wata ake biya, bayan ajiyar wata 2 da za a mayar maka in za ka tashi, ba a neman na shekara a dunƙule. Sai dai ɗakin da nake biya wa kuɗin da zai kama gida sukutum a Kano bai fi shagonka girma ba. Asibiti akwai kayan aiki, gwajin jini da hoto duk a yini ɗaya ka karɓi sakamako, amma sai ka biya kafin kowane mataki, kuma baƙon da ba shi da inshora yana jin jiki. WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke a ƙasar, shi ya sa nake ta roƙonka ka buɗe WeChat.

Kada in nuna maka benaye in ɓoye maka waɗanda suka ɗauke su a ka. Yawancin ma'aikatan yankin nan baƙi ne daga ƙauyukan wasu larduna, Hunan, Guangxi, Sichuan, Hubei, 'yan ci-rani ne kamar mu. Suna da wani tsarin rajistar gida da suke kira hukou, wanda ke ɗaure haƙƙin mutum na makaranta da asibiti da garin da aka yi masa rajista. Saboda haka da yawa sukan bar 'ya'yansu wurin kakanni a ƙauye, sai shekara-shekara su gan su. Suna zaune a tsofaffin ƙauyukan da birni ya haɗiye, inda gidaje suka matsu har maƙwabci zai miƙo hannu ta taga ku gaisa, rana ba ta sauka a lungun. A bayan Zhongda akwai irin wannan unguwa, Kangle, cike da ƙananan ɗakunan ɗinki. Da safe za ka ga masu ɗakunan sun jeru a titi, kowa riƙe da riga ko wando, suna neman telan da zai yi aikin yini. Wanda aka ɗauka zai zauna kan keke har tsakar dare, ana biyansa bisa yawan abin da ya ɗinka. Duk lokacin da na wuce sai in tuna telolinmu a goman ƙarshe na azumi, sai dai su nasu goman ƙarshen ba ya ƙarewa. Saurin kwana 4 ɗin nan da ya burge ka, da gumin waɗannan a ciki.

Mutanen gari kuwa, Kantonis, mutane ne masu son ciniki da son abinci, ba su da yawan fara'a ga baƙo amma in kun saba suna riƙe alkawari. Tsofaffinsu kan cika gidajen shayi da safe, su yi awa 2 a kan butar shayi da 'yan ƙananan kwanukan abinci, in an zuba wa mutum shayi sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu, godiyarsa ke nan. Da yamma mata tsofaffi na taruwa a fili suna motsa jiki da kiɗa, ba mai kallonsu. A wata na 5 na kalandarsu ana tseren dogayen kwale-kwale masu kan dodo, da ganguna, ƙauye da ƙauye, har a tsakiyar benaye a unguwar Liede. Ranar na ga abin da ya tuna mini da hawan sallah, don kowace unguwa da tutarta da mutanenta masu yi mata kirari.

Abinci sai da lura, domin naman alade da kitsensa suna shiga kusan komai. Abin da ya cece mu shi ne Musulmin ƙasar, 'yan ƙabilar Hui daga arewa maso yamma, waɗanda ke da shagunan taliyar hannu da naman sa kusan a kowane titi, da Uygur masu gurasa da tsire. Akwai alamar halal da ake rubutawa da harufan Sinanci, ita na fara haddacewa kafin in iya gaisuwa. A Xiaobei kuma ana samun tuwon semo da miyar kuɓewa a wurin 'yan Afirka ta Yamma. Shinkafa da kifi da ganye suna da arha, naman rago da tsada, gero da dawa irin namu kuwa sai dai a mafarki. Rabona da fura mai kyau tun zuwana gida na ƙarshe.

Ranar Juma'a mukan je masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda dubban mutane ke haɗuwa, Sinawa, Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Mali, 'yan Nijar, mu. A harabarsa akwai kabarin da mutanen nan ke cewa na Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah Ya ƙara masa yarda, ko da yake abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Akwai kuma masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. Amma ba a kiran salla da lasifika a gari. Waya ce ladanina. Ka ga duk jiragen nan da wutar nan, Yaya, in magariba ta yi na leƙa taga ban ji Allahu Akbar daga ko'ina ba, sai in ji garin ya yi mini faɗi. Na shekara 3 a bene ɗaya ban san sunan wanda ƙofarsa ke kallon tawa ba. Da na kwanta zazzaɓi kwana 4, ɗan aiken da ya kawo magani ne kaɗai ya ƙwanƙwasa. A gida da tuni an cika ɗakin da kwanukan kunu da masu sannu.

Kuma baƙo baƙo ne. Dole ka yi rajistar inda kake kwana wurin 'yan sanda cikin awa 24 da isowa, in a otal ne su za su yi maka. Fasfo kullum yana aljihu. Akwai masu gidan da suna ganin fatarka za su ce an riga an kama ɗakin, akwai wanda zai matsa in ka zauna kusa da shi a jirgi. Ka tuna abin da ya faru a watan Afrilun 2020 lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidaje da otal-otal a garin nan, wasu suka kwana a titi, har gwamnatin Najeriya ta kira jakadan Sin ta nuna ɓacin ranta. Abin ya wuce, amma bai fita daga zukatanmu ba, kuma jama'armu a Xiaobei ba su kai yawan da ba. Duk da haka ba zan ɓoye alherin wasu ba: matar da nake haya wurinta, da ta gane ina azumi, ta riƙa ajiye mini lemo da ayaba a bakin ƙofa.

Maganar zuwanka, ni na goyi baya, zuwa da kai ya fi aike. Ka daidaita tafiyar da babban baje kolin da suke yi a Pazhou, nan cikin Gwanzu, sau 2 a shekara, Afrilu da Oktoba, wanda aka fara tun 1957. Kashi-kashi ake yinsa, kuma yadi da tufafi suna kashi na 3, wanda ke faɗawa farkon Mayu ko farkon Nuwamba. Otal na tsada a lokacin, amma za ka sauka wurina. Na Oktoba ya fi mana, don zafi ya sauka, kuma zai ba mu damar ba da odar kayan sallah da wuri. Ka riƙe wannan da kyau: in bikin sabuwar shekararsu ya zo, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu na rufewa, ma'aikata su tafi ƙauye, aiki ba ya komawa daidai sai bayan makonni. Shekarun nan bikin yana faɗowa dab da azumi, ga shi jirgin ruwa na cin sama da wata guda kafin ya kai Legas, ban da kwanakin kwastan da hanyar Kano. Duk kayan da ba su bar nan a Disamba ba, sai dai a sayar da su da babbar sallah.

Ka fara neman biza da wuri, zan sa mai yadin ya aiko maka da takardar gayyata. Jirgin da ke bi ta Adis Ababa yana sauka kai tsaye a filin Baiyun, ni zan tarye ka a can mu shiga metro tare, ina so in ga fuskarka a ranar. Ka taho da takalmi mara nauyi, don tafiyar ƙafa a Zhongda ba wasa ba ce, da samfurin duk yadin da ya fi tafiya a shago, har da waɗanda aka yi ƙorafi a kansu, mu ajiye su gaban masu su.

In Hajiya za ta haɗo mini saƙo, a sa kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yajinta na tafarnuwa, a ɗaure su da kyau a leda biyu. Kada a sa kilishi ko dambun nama, ba a barin nama ya shigo ƙasar, a filin jirgi za a karɓe. Ka gaishe ta ƙwarai, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida Kawu da su Anti da yara duka, ka ce wa autarka jakar makarantar da na yi mata alkawari tana cikin kwantenar da ta tashi makon jiya, kwali na 14, an rubuta sunanta a jiki.

Wassalam,
Ƙaninka, daga Gwanzu.